SABON TSARI DA TSOHON HALI: YADDA ZA A SHAWO KAN TURJIYA WAJEN KULA DA MUHALLI A WURAREN AIKI

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin shugabannin ma'aikatu, da manajojin kamfanoni, da jagororin ƙungiyoyin gama-kai, da kuma ma'aikata manya da ƙanana a ko'ina cikin Tarayyar Nijeriya. Dalilin rubuta shi kuwa shi ne, an daɗe da lura cewa kafa doka game da tsabtar muhalli abu ne mai sauƙi, sayen kayan aiki ma bai faye wuya ba muddin akwai kuɗi. Amma a sa mutane su bar hanyar da suka saba, su kama wata sabuwa, to, nan fa gizo ke saƙar. Sau da yawa akan kawo sabon tsari da biki da jawabai, a liƙa sanarwa a bango, bayan wata shida kuma a tarar an koma gidan jiya.

Mun ɗauko yawancin misalanmu daga Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna. Duk da haka abin da za a bayyana ya shafi mai masaƙa a Kano, da mai majema a Sakkwato, da akawun ƙaramar hukuma ko a wace jiha yake.

MENE NE TSARIN KULA DA MUHALLI?

Kowane wurin aiki yana ɗibar wani abu daga muhalli, yana kuma mayar masa da wani. Yana ɗibar ruwa, da itace, da mai, da wutar lantarki. Yana mayar da hayaƙi, da ƙura, da shara, da dagwalon ruwa. Tsarin kula da muhalli shi ne ƙa'idar da wurin aiki zai shimfiɗa wa kansa a rubuce, domin ya san abin da yake ɗiba da abin da yake zubarwa, ya kuma riƙa rage ɓarna shekara bayan shekara. Yana tafiya ne bisa matakai huɗu masu bin juna:

1. Tsarawa. A bincika inda aikin yake taɓa ruwa, ko iska, ko ƙasa, ko lafiyar jama'a. A san abin da doka ta ce. A sa wa kai buri wanda za a iya aunawa.

2. Aikatawa. A raba aiki, kowa ya san nasa, a koyar da shi, a ba shi kayan yi.

3. Dubawa. A auna, a rubuta, a kwatanta abin da aka yi da abin da aka ce za a yi.

4. Gyarawa. Inda aka gaza a gano sanadi a gyara, sa'an nan a sake komawa matakin farko.

Ma'aunin da aka fi sani a duniya game da wannan tsari shi ne ISO 14001, wanda aka fara fitarwa a shekarar 1996, aka yi masa gyara a 2004 da kuma 2015. A ƙasar nan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, watau SON, tana cikin masu bincika kamfanoni su ba su takardar shaidar bin wannan ma'auni. Neman takardar ganin dama ne. Bin dokokin muhalli na ƙasa kuwa wajibi ne a kan kowa.

ASALIN DOKOKINMU

A shekarar 1988 aka gano an jibge fiye da tan 3,000 na shara mai guba daga ƙasar Italiya a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci, inda yake Jihar Delta a yau. Wannan al'amari ya farkar da ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka mai lamba 42 wadda ta haramta shigowa da irin wannan shara, da Doka mai lamba 58 wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, watau FEPA. A 1992 aka fitar da Doka mai lamba 86, wadda ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli tun kafin a fara su. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin ƙa'idojin. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KEPA a Jihar Kaduna. Ke nan dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Inda aiki ya rage shi ne cikin sito, da garejin gyaran motoci, da ɗakin majiyyata, da ofis.

DON ME AKA ZAƁI KUDANCIN KADUNA?

Tun daga shekarar 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda hanyar da ta fito daga Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Wannan ya tara mata ma'aikata da 'yan kasuwa na kabilu iri-iri. Ƙasar yankin kuma ita ce cibiyar noman citta a Nijeriya, musamman a ƙananan hukumomin Kachia, da Jaba, da Kagarko, da Jama'a, da Zangon Kataf. Daga kasuwannin Kwoi da Kachia da Kafanchan citta take bi ta hannun dillalai har ta kai tashar jiragen ruwa, ta tsallaka ƙasashen waje.

Abin da ya haɗa wannan ciniki da batun muhalli a fili yake. Ana wanke citta da ruwa, ana tsaga ta, ana shanya ta, ana ajiye ta a sito. In an wanke ta a cikin rafi, laka da dattinta na masu shan ruwa ne a ƙasa. In an shanya ta a kan kwalta ko a ƙasa tsirara, takan kwashi ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi. In an zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, funfuna yakan kama ta, kuma wani irin funfunan yana haifar da guba. Masu saye a ƙetare suna gwada kaya kafin su karɓa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari mai suna diklobos da aka samu a jikinsa. Masu sakaci ne suka jawo, amma kasuwar ta rufe wa kowa. Manoman citta da suka ɗanɗana asarar 2023, lokacin da annoba ta ruɓar da amfanin gonaki masu yawa a yankin, ba su bukatar a gaya musu zafin rasa kasuwar shekara guda.

Har ila yau, madatsar ruwa ta Gurara tana cikin wannan yanki, kuma daga gare ta ake tura ruwa zuwa madatsar Usuma wadda take shayar da Abuja. Abin da aka zuba a rafi a ƙauye yana iya tafiya nesa da inda mai zubawa yake zato.

DALILAN DA KE SA MUTANE SU TURJE

Kuskuren farko da shugabanni sukan yi shi ne su ɗauka duk wanda ya ja ƙafa malalaci ne ko mai taurin kai. Galibi yana da dalili, ko da bai furta ba. Ga waɗanda aka fi gani:

Sabo. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma gaskiyar magana turken mai hankali ne ma. Makanikin da ya shekara ashirin yana tuttular da baƙin mai a bayan gareji bai taɓa ganin wanda ya faɗi ya mutu a gabansa ba, don haka yana ganin ba laifi.

Tsoron ƙarin aiki ba ƙarin lada. Leburan da ake biya bisa yawan buhunan da ya cika, in an ce ya tsaya shimfiɗa tamfol da naɗe shi, an rage masa abin sawa a bakin salati ke nan. Turjiyarsa lissafi ce, kuma lissafin daidai ne.

Tsoron tonon asiri. Sabon tsari yana zuwa da rajista da awo. Wanda ya san ana ɓarnar mai ko magani a sashensa yana ganin rajistar nan tarko ce.

Tsoron zubewar girma. Tsohon heluma wanda kowa yake tambayarsa yadda ake yi, ran nan aka kawo saurayi mai takardar makaranta aka ce shi ne jami'in muhalli. In ba a yi hattara ba, heluman nan zai ce "to" da baki, ya kashe tsarin da ido.

Rashin yarda. Ma'aikatan da suka ga tsare-tsare da yawa sun zo sun wuce sukan ce a ransu, wannan ma ɗan kwana biyu ne, mu lallaɓa har manajan ya gaji ko a yi masa canjin wurin aiki.

Tsoron kashe kuɗi. Wannan ciwon masu dukiya ne da manyan akantoci, waɗanda suke ganin kuɗin da zai fita yau, ba su ganin asarar da aka tare gobe.

Turjiya ba ta cika fitowa da hayaniya ba. Alamunta su ne fayil ya kwana wata guda a tebur, a sa ranar taro a ɗaga, a cike rajistar mako guda a zama ɗaya da biro ɗaya, ko a share ko'ina fes ranar da masu bincike za su zo kaɗai.

DARUSSA UKU DAGA BAYA

Na farko, daga gida. A shekarar 1984 aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma aka buɗe kashinsa na tsabtar muhalli a Kano. Garuruwa sun yi tsabta, kuma al'adar sharar ƙarshen wata ta samu gindin zama a jihohi da dama. Sai dai an ga cewa inda tsoron hukunci kaɗai ya riƙe aikin, da aka sassauta sai bola ta dawo. Dattawa ma suna tuna zamanin duba-gari, yadda ake rige-rigen wanke randa in an hango shi. Tilas takan fara aiki, amma ba ta iya riƙe shi ita kaɗai.

Na biyu, daga Zamfara. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje. Tsoron kada a hana su sana'ar da suke ci da ita ya sa wasu suka riƙa ɓoye abin da ke faruwa. An samu ci gaba ne sa'ad da ma'aikatan lafiya, da ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, da sarakuna da masu unguwanni suka haɗa kai, aka fitar da niƙan bayan gari, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, daga baya kuma aka koya wa masu haƙar yadda za su yi aiki da ruwa don rage ƙura. Mutum ya fi saurin karɓar gyara in ya tabbata ba tukunyarsa za a kife ba.

Na uku, daga Amurka. A shekarar 1948 wasu masana biyu, Lester Coch da John French, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a masana'antar ɗinkin tufafi ta Harwood. An canja wa ma'aikata hanyar aiki. Kashi ɗaya an kira su an gaya musu kawai. Aikinsu ya ragu, ƙorafi ya yi yawa, wasu ma suka bar aikin. Kashi na biyu sun tura wakilai an tsara da su. Suka farfaɗo sannu a hankali. Waɗanda aka zauna da su dukansu aka tsara tare kuwa, su suka fi saurin farfaɗowa, har suka wuce yadda suke yi a da. Kakanninmu sun riga su faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

HANYOYIN DA ZA A BI

Bari mu ɗauka, alal misali, wata ƙungiyar gama-kai ce a Kafanchan mai sayen citta tana busarwa tana ajiyewa, tana kuma son kafa wannan tsari. Ga yadda ya kamata ta bi, kuma kowane wurin aiki yana iya auna kansa da shi.

1. Shugaba ya fara da kansa. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha. In mai saye ya matsa, mota tana jira, shugaba ya ce a ɗura cittar da ba ta bushe ba "yau kaɗai", to ya soke tsarin da bakinsa, kuma babu jawabin da zai gyara. Ma'aikata suna kallon abin da shugaba yake yi a ranar matsi.

2. A faɗi dalili cikin harshen da mutane suke ji. Kada a tara leburori a karanta musu lambobin ma'auni da Turanci. A yi bayani da Hausa, da harsunan yankin kamar Jju da Tyap da Hyam in da hali, a kuma nuna abu a fili: ga citta da aka shanya a ƙasa, ga wadda aka shanya a kan tamfol, ga kuɗin da aka taya kowace. Gani ya kori ji.

3. A yi tambaya kafin a ba da umurni. Manaja ya zagaya da ƙafarsa, ya sami tsohon heluma ya ce, "Baba, kai ka fi mu daɗewa a nan. Ina ka ga ruwan wanki yake bi in an yi sauri?" Wataƙila ya ji amsa irin wannan: "Ranka ya daɗe, ai mun daɗe muna gani, ba a tambaye mu ba ne. In aka haƙa rami a can gangare laka za ta kwanta kafin ruwan ya kai rafi." Shawarar da ta fito daga bakin mutum, shi zai fi kowa tsare ta.

4. A jawo mai turjiya a jiki. Wanda ya fi kowa suka, in yana da faɗa-a-ji, a sa shi cikin kwamitin aikin. A sa mata masu tsaga citta, domin su suka fi yawan taɓa ta. A sa wakilin ƙungiyar ƙwadago inda akwai. Sabon jami'i mai ilimin zamani ya riƙe alƙalami, tsoho ya riƙe girmansa.

5. A gyara lissafin lada. In sabon tsari ya ƙara wa mutum aiki, a duba yadda ake biyansa. A ɗora wani kaso na lada a kan kyawun kaya, kada a bar shi a kan yawansu kaɗai.

6. A ba da kayan aiki kafin a nemi biyayya. Ba daidai ba ne a hana shanya a ƙasa alhali ba a kawo tamfol ba, ko a hana zubar da baƙin mai alhali babu duron tarawa.

7. A fara da kaɗan. A zaɓi abu biyu ko uku waɗanda za a ga amfaninsu cikin kaka ɗaya, kamar shanya a kan tamfol, da ramin tace ruwan wanki, da ware maganin ƙwari a ɗaki mai kulle nesa da kayan abinci. In waɗannan suka zauna sai a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

8. Kada a hukunta mai kawo rahoto. Wannan shi ne ginshiƙi. Ranar da aka kori yaron da ya ce magani ya zube, daga ranar ba za a ƙara jin an zubar da kome ba, alhali kuwa zubewar ba ta daina ba. A bambanta kuskure da ganganci. Mai kuskure a koya masa, mai ɓoyewa da mai maimaita ganganci su ne na horo.

9. Rajista ta zama mai sauƙi. Shafi ɗaya wanda mai ƙaramin karatu zai iya cikawa da alama ya fi littafi mai kauri da ke kulle a durowar manaja. A rubuta inda aka sayo kaya, da ranar shanya, da maganin da aka sa in an sa.

10. A yaba a bainar jama'a, a riƙa waiwaye. Kowane wata uku a zauna a karanta abin da aka samu, a ambaci sashen da ya yi ƙoƙari. A rubuta ƙa'idojin cikin sharuɗɗan aiki, a koya wa kowane sabon ma'aikaci, domin tsarin ya rayu ko bayan wanda ya kawo shi ya tafi.

MISALI DAGA ASIBITI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce irin ta gida. Kashi 15 ne mai hatsari. In aka gauraya su, duka sun zama masu hatsari. Shi ya sa ake ware su tun daga gefen gadon majiyyaci: baƙin mazubi na sharar yau da kullum, ruwan ɗorawa na mai ɗauke da cuta, allurai kuma a akwatinsu na musamman. Ma'aikaciyar jinya mai kula da gadaje da yawa cikin dare za ta bi wannan ƙa'ida ne in mazubin yana kusa da hannunta. Kuma in ta ga mai kwasar shara yana juye su duka a baro ɗaya, gobe ba za ta wahalar da kanta ba. Saboda haka tilas horon ya haɗa da likita da mai shara a zama ɗaya.

TAMBAYOYI DA AMSOSHI

Tambaya: Wannan tsari ba na manyan kamfanoni ba ne kaɗai?
Amsa: A'a. Mai injin yanka katako, da sarkin fawa a mayanka, da shugaban makaranta, kowa yana iya bin matakan nan huɗu gwargwadon ƙarfinsa, ko da bai nemi takardar shaida ba.

Tambaya: Ba zai cinye riba ba?
Amsa: Akwai kashe kuɗi a farko. Amma ruwa da mai da wutar da aka daina ɓarnatarwa kuɗi ne, kayan da ba a dawo da su ba kuɗi ne, tarar da ba a biya ba ma kuɗi ce.

Tambaya: In an yi duk wannan wani ya ƙi fa?
Amsa: A ja shi gefe a ji uzurinsa, a sake koya masa, a yi masa gargaɗi a rubuce. In ya dage, sai a bi ƙa'idar horo ta wurin aikin, ba sani ba sabo, ko shi wane ne.

Tambaya: Za a iya shiryawa mako guda kafin masu bincike su zo?
Amsa: Ba a fafe gora ranar tafiya. Gogaggen mai bincike yakan bar ofis ya tambayi lebura, kuma daga amsarsa yake gane gaskiya.

KAMMALAWA

Jama'a, doka tana nan, kuma hukumomi za su ci gaba da aikinsu na dubawa da hukuntawa. Amma babu gwamnatin da take da ma'aikatan da za ta tsayar a bakin kowane rafi da ƙofar kowane sito. Ana kira ga shugabanni su saurari na ƙasa da su kafin su zartar, ana kuma kira ga ma'aikata su faɗi damuwarsu a fili maimakon su noƙe. Duk mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin NESREA mafi kusa da shi, ko hukumar kare muhalli ta jiharsa, ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi kuma, ya taimaka ya karanta wa abokin aikinsa da bai iya karatu ba.

Rigakafi ya fi magani.